Dutsen Taimama

Takardar kanti tana nan manne a bakin shebur ɗin, ko ɓamɓare ta ba a yi ba. Ita ce abin da Mma Fatimata ta fara gani da Iddrisu ya gifta ta gaban teburinta, ya saɓa shebur a kafaɗa kamar soja da bindiga. Ta bi shi da kallo har ƙasa. Takalminsa baƙi wuluk, sai sheƙi yake yi, da gani da safen nan aka goge shi. Mutumin da zai kwashe bolar shekara ashirin ke nan.

Ta tsame ƙosai daga mai, ta zuba a kwando.

"Fusena, kin ga ma'aikata sun fito?"

Fusena mai koko, wadda suka shekara goma sha takwas suna kasuwa kafaɗa da kafaɗa a bakin filin, ta ɗago ludayi ta duba. "Na gani. Har da mai ɗaukar hoto."

"Kafin azahar za ki neme su ki rasa. Wancan Iddrisun ni na yi masa wanka yana jariri. Ko tsintsiya uwarsa ba ta taɓa ba shi ba. Yanzu ya zama akawu, ya sa wando mai kari, shi ne sakataren gyara duniya."

Filin yana unguwar Nima, a birnin bakin teku, tsakanin babbar kwatar ruwa da bayan layin mahauta. Rabinsa bola ne, rabinsa ciyawa da ƙaya, awaki ke mulkinsa da rana. Tun da ƙasar ta samu 'yancin kai, duk saurayin da ya iya ɗaura agogo sai ya shiga wata ƙungiya, kuma ƙungiyar su Iddrisu ce ta yanke cewa za a mai da filin lambu, da kujerun zama da furanni, don tunawa da baƙin farko da suka kafa unguwar. Wata biyu suna taro a kan maganar. Yau Lahadi aka sa za a yi aikin gayya da safe, da la'asar kuma a buɗe allon sunaye.

Allon yana jingine da darbejiya, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Kowa ya san abin da ke ciki. Sunan mahaifin Alhaji Seidu mai motoci ne a sama, saboda Alhaji Seidu ne shugaban ƙungiya kuma shi ya ba da katako. Mma Fatimata ta tuna ranar da Seidun ya diro daga bayan motar gawayi, bayan yaƙin duniya, da tabarma ɗaya a hammata. Mahaifin nasa kuwa har ya mutu a arewa bai taɓa ganin teku ba.

Fusena ta rage murya. "Mma, ki faɗa musu mana. Maganar can." Ta nuna ƙarshen filin da haɓa.

"In faɗa wa wa?"

"Kada su taɓa."

"Su kai can tukuna."

A can ƙarshen filin, ta gabas, akwai wani ɗan wuri da ciyawa ba ta rufe ba, domin kullum da asuba Mma Fatimata tana share shi kafin ta hura wuta. Duwatsu ne ashirin da uku a jere a ƙasa, sun nitse rabi da rabi, sun zagaye wuri kamar faɗin ɗaki. Ta gaba jerin ya ɗan lanƙwasa ya fita waje, wurin tsayuwar liman. Ta baya an bar ƙofa, inda ake tuɓe takalma.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka jera su. A lokacin ta biyo mijinta Mas'udu da wasu makiyaya shida, suka koro shanu tun daga ƙasar Gobir, wata huɗu a ƙafa, ta Salaga, ta Kumasi, har suka sauka a nan. Ba gida, ba rijiya, sai ciyawa har ƙirji. Kafin a kafa ko bukka ɗaya, mazan suka gangara rafi suka yi ta ɗauko duwatsu a ka, babbansu ya tsaya ya daidaita alƙibla, suka jera. Haka matafiya ke yi duk inda suka yada zango da niyyar zama. A kusurwar dama, cikin jerin, Mas'udu ya ajiye wani baƙin dutse, bai fi ƙwaryar awo girma ba, na taimama, saboda da rani rafin kan ƙafe, ruwan sha ma sai an yi tafiya. Tafukan maza sun yi ta bugunsa sau biyar a yini har ya yi santsi kamar kuncin jariri.

Daga baya aka gina masallacin ƙasa, aka rushe shi aka yi na bulo, mutane suka manta da wannan. Mas'udu kuwa ya koma arewa ɗauko wani garke a shekara ta tara, bai dawo ba. Sandarsa da gorarsa kawai aka kawo mata, aka ce zazzaɓi ne, a wani ƙauye kusa da mashigin kogi na Yeji. Ba ta san inda kabarinsa yake ba. Abin da ta sani shi ne inda hannunsa ya taɓa.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga wata yarinya ta tsaya a gefen tebur, riƙe da littafi a ƙirji. Husseina ce, sabuwar malamar makaranta, wadda in ta yi magana sai ka matso kafin ka ji.

"Mma, ina kwana."

"Lafiya. Na nawa?"

"A'a, ba ƙosai ba. An ce kin daɗe a unguwar nan. Na ce ko za ki ba ni labarin waɗanda suka fara zuwa, in rubuta."

Mma Fatimata ta dube ta, ta dubi darbejiya. "An gama rubuta allon?"

"An gama. Tun ranar Alhamis."

"Gidan wa da wa aka je kafin a rubuta?"

Husseina ta sunkuyar da kai. "Gidan Alhaji. Da gidajen manya."

"To me za ki yi da maganar mai ƙosai? Manya sun faɗa miki."

Yarinyar ba ta tafi ba. Ta ɗan juya ta kalli ƙarshen filin. "Wurin can da kike sharewa kullum, Mma. Ina ganinki in zan wuce. Akwai wani abu ne a wurin?"

Fusena ta daina zuba koko. Mma Fatimata ta ji maganar ta zo mata har baki. Sai ta hango yadda za a yi da ita. Za ta shiga littafi, daga littafi ta shiga bakin Iddrisu, daga nan Alhaji Seidu ya tsaya a tsakiyar duwatsun da takalmansa ya ɗaga hannu a ɗauke shi hoto, ya ce kakansa ne ya yi limanci a nan.

"Shara nake so," in ji ta. "Ko an hana? Matsa, kin tare mini masu saye."

Husseina ta rufe littafin, ta ce, "Yo, na ji, Mma," ta tafi.

"Ba ki kyauta ba," in ji Fusena.

"Duba can ki gaya mini wanda bai kyauta ba."

Samari goma sha biyu ne a filin. Uku suna gardama a kan inda za a fara. Biyu suna riƙe da igiyar awo, kowa na ja ta nasa gefen. Iddrisu ya kafa shebur a bola, ya ɗora ƙafa ɗaya a kai, ya tsaya cik yana jiran mai hoto ya gama shiga cikin baƙin ƙyallensa. Wurin da suka share tun safe bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba. Daga nan zuwa duwatsu kuwa tafiya ce ta taku ɗari, duk bola da ƙaya.

Da hantsi ƙosai ya ƙare. Akwai bikin sunan jikar ƙanwarta a unguwar Maamobi, kuma ta yi alkawarin ita za ta tuƙa tuwo. Ta kife kasko, ta ɗaura mayafi, ita da Fusena suka kama hanya. Da suka zo wucewa Iddrisu ya ɗaga mata hannu.

"Mma! Ba za ki ce mana sannu da aiki ba?"

"In na ga aikin zan ce."

Samarin suka yi dariya. Ita ma ta yi tata, har suka haura kwata tana yi.

A gidan suna ta ba matan da suka taru labarin shebur mai takarda, ta kwaikwayi tsayuwar Iddrisu da muciya a hannu, mata suka yi ta faɗuwa da dariya. Ta ci, ta yi azahar, ta ɗan kishingiɗa. Sai bayan la'asar suka taso.

Tun daga nesa ta ji ganga da amon lasifika. Da suka fito daga lungun mahauta sai ta tsaya.

Babu bola. Babu ƙaya. Filin ya kwanta fes, an baje shi da manjagara, an yayyafa ruwa. An jera kujerun katako, an rataya tutocin takarda daga darbejiya zuwa sandar fitila. A gefe motar Alhaji Seidu ce a tsaye, a inuwarta kuma wasu maza kusan ashirin suna zaune a ƙasa, ba riguna, jikinsu duk toka. Zabarmawa ne 'yan dako na kasuwa. Ashe da rana ta yi zafi Alhaji ya aika aka kwaso su.

"Ei," in ji Fusena. "Mma."

Mma Fatimata ba ta ji ta ba. Ta nufi gabas, tana sauri irin wanda ta shekara goma ba ta yi ba. Ta isa inda take tsammanin wurin ne, ta duba, ta matsa, ta sake dubawa. Ƙasa ce kawai, ja, mai layin manjagara. Sai da ta daidaita tsayuwarta da bangon mahauta sannan ta gane tana tsaye ne daidai inda liman ke tsayawa. An cike ramukan. Ta dubi ƙafarta, da takalmi.

"Mma! Kin dawo!"

Iddrisu ne. Rigarsa ta jiƙe, takalmin nan mai sheƙi ya yi dabbare-dabbare da farar ƙasa. Fuskarsa cike da murna irin ta yaro. Ya buɗe mata tafukansa, sun yi bororo.

"Kin ce sai kin ga aiki. Zo ki gani. Wannan da hannunmu muka yi, ba wanda ya taya mu."

Ya kama gefen mayafinta ya ja ta zuwa tsakiyar fili. An kafa allon a kan ƙafafu biyu, har yanzu a lulluɓe. A gindinsa an yi da'ira, an dasa wasu furanni jajaye da suka riga suka langaɓe. Abin da ya zagaye furannin duwatsu ne, farare fat, an shafe su da farar ƙasa, kamar na ƙofar ofishin 'yan sanda.

Ta ƙirga su ba tare da ta so ba. Ashirin da uku.

"Can baya muka same su, a zube kawai," in ji Iddrisu. "Na ce wa yaran, cale, abokaina, ga kayan ado Allah ya ba mu kyauta. Kin san wahalar da muka sha kafin mu tono su? Kamar an dasa su. Zo, zo, an ajiye miki kujera a gaba. Ke ce uwar unguwa."

Aka zaunar da ita a layin farko, kusa da matan alhazai masu ƙamshin turare. Hannuwanta na kan cinya. Ba ta san lokacin da Husseina ta zo ta durƙusa a gefen kujerar ba.

"Mma," in ji yarinyar, murya can ƙasa. "'Yan dakon nan, da suka kai wurin, kewaye shi suka yi. Ba su taɓa ba. Ɗaya ma sai da ya tuɓe takalmi kafin ya shiga ya cire ciyawa. Ya ce wa Iddrisu masallaci ne."

Mma Fatimata tana kallon gaba.

"Iddrisu ya ce masallaci ba bango, ba rufi? Ya ce ga masallaci can na bulo, ƙyuya ce kawai suke ji. Shi ne ya kira samarin suka tone da kansu. Na ce a jira ki dawo. Suka ce ai na tambaye ki da safe." Ta ƙara matsowa. "Na ce eh, na tambaya. Suka ce me kika ce."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba ta buƙatar ƙarasawa. Mma Fatimata ta tuna abin da ta ce. Ta tuna da muciya a hannunta a Maamobi, da matan da ke riƙe ciki don dariya, a daidai lokacin da ake zura bakin sabon shebur a ƙarƙashin dutsen farko.

Aka buga ganga, Alhaji Seidu ya miƙe. Babbar rigarsa ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa. Ya hura lasifika sau biyu, ya yi sallama, ya gode wa gwamnati, ya gode wa ƙungiya, ya gode wa kansa ta hanyar cewa ba ya son a gode masa. Sannan ya zo kan magabata.

"Jama'a, iyayenmu da ƙafa suka zo ƙasar nan. Da ƙafa! Ba mota, ba jirgi. Suka tarar da daji. Kuma na ji daga bakin manya, abin da suka fara yi da suka sauka shi ne salla."

"Allahu akbar," in ji jama'a.

"Amma ina alamarsu? Ina abin da suka bari da za mu nuna wa 'ya'yanmu? Babu! Ko tsinke babu. Shi ya sa muka ce ba za mu bari a manta da su ba."

Ya matsa kusa da allon don ya ja ƙyallen, kuma da yake rigar ta yi masa nauyi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan wani farin dutse ya dogara. Ƙyalle ya faɗi. Aka yi tafi. Sunaye tara ne da jan fenti, Iddrisu ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da muryar rediyo. Cikin taran, mutum biyu ne kawai suka taɓa kwana a filin nan kafin a yi rijiya. Babu Mas'udu. Ba ta yi tsammaninsa ba.

A inuwar mota 'yan dakon suna kallo. Ba wanda ya ba su kujera.

"Yanzu," in ji Iddrisu, "muna da wata uwa a nan da ta ga jiya. Ta yi mini wanka ina jariri, kullum sai ta tuna mini." Aka yi dariya. "Yau da safe ta ce sai ta ga aiki za ta yi mana sannu. Mma Fatimata, bismilla. Ki zo ki sa mana albarka."

Ta miƙe. Tafi ya ƙaru, wata mata ta rangaɗa guɗa. Ta taka a hankali har gaban allon. Iddrisu ya miƙo mata abin magana, yana murmushi. Ta dubi abin, ta dubi bororon da ke tafin da ke riƙe da shi. Yaron ya wahala da gaske. A duk rayuwarsa wannan ne aikin ƙarfi na farko da ya yi.

Ta wuce hannun nasa, ta durƙusa a bakin da'irar.

Farar ƙasar ba ta gama bushewa ba. Duk duwatsun sun zama iri ɗaya a ido, sai ta sa tafin hannu. Na farko kaushi. Na biyu kaushi. Ta ja gwiwa ta matsa, zaninta na sharar jar ƙasa. Mutane suka zuba ido, wasu suna cewa addu'a take yi, irin ta mutanen da. Alhaji Seidu ya ga ta nufo shi, ya janye ƙafarsa da sauri. Ta shafa wanda ya taka. Kaushi. Ta wuce.

A na goma sha huɗu hannunta ya zame.

Ta tsaya. Ta murza da babban yatsa, farin ya kau, baƙi ya leƙo. An kife shi ne a kan gefensa, fuskar mai santsi tana kallon furanni. Ta zura yatsu ƙarƙashinsa ta girgiza, ya taso ba wuya, tun da ɗazun nan aka ajiye shi a nan, bai kama ƙasa ba.

"Mma?" in ji Iddrisu. Lasifikar ta ɗauki muryarsa ta watsa ko'ina. "Mma, wannan na ado ne. In dutse kike so na murhu, gobe zan sa a kawo miki."

Ta warware mayafinta, ta naɗe shi gammo, ta ɗora a ka. Da ta sunkuya za ta ɗauka sai ta ga wasu hannuwa biyu sun riga ta kama gefe ɗaya. Husseina ce, ta ajiye littafinta a ƙasa. Suka ɗaga tare. Dutsen ya zauna a kan gammo, ya fi yadda take zato nauyi, farar ƙasa ta gangaro mata ta bayan kunne.

Ta juya. Matan layin gaba suka tattare zannuwansu kada a shafa musu fari. Ta bi ta tsakanin kujeru, wuyanta a miƙe. Da ta zo daidai motar, wani dattijo cikin 'yan dakon ya tashi tsaye, ya janye ƙafafun na kusa da shi daga hanya.

A bayanta ta ji Alhaji Seidu ya karɓi lasifika yana cewa a matso da sauran duwatsun a rufe gurbin kafin mai hoto ya ɗauka. Aka sake buga ganga. Ta shiga lungun mahauta, hannunta ɗaya a sama yana dafe da wurin mai santsi.